Angulun Tsibiri da Gurbin Karatun da Ban Samu Ba

Idan aka tambaye ni abin da ya hana ni tafiya ƙaro karatu a waje, amsar da ake so a ji daga bakina ita ce Allah bai yi ba. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma na lura a wurinmu an mayar da wannan kalma tabarmar da ake rufe aikin mutane da ita, don kada a tambayi kowa komai. Shi ya sa zan faɗi abin kamar yadda ya faru, kuma ba zan ɓoye ba, har yau raina a ɓace yake.

Mahaifina mahauci ne a Talata Mafara, a kwata na tashi. Tun ina ƙarami nake riƙe masa ƙafar akuya idan yana fiɗa, ina wanke hanji, ina kai nama rumfa. Ranar Talata kuwa, da yake ranar kasuwa ce, yanka ba ya tsayawa sai rana ta take. A wancan lokacin angulu ta fi mahauta yawa a kwata. Tana kan katanga, tana kan rufin kwano, tana cike da tsamiyar da ke bakin rariya. Duk abin da aka zubar, kashin tumbi ne ko guntun fata ko jinin da ya daskare, kafin la'asar babu shi. Ba wanda ya taɓa gode mata. Mu yara jifarta muke yi, manya kuma idan za su zagi mutum da ita suke zaginsa.

Sai da na je jami'a na fara karatun ilimin halittu, na dawo wani hutu, na ji warin kwata ya canza. Ƙudaje sun yi baƙi a ƙasa, karnuka na faɗa a kan tarin shara. Na ɗaga kai na dubi tsamiya, babu tsuntsu ko ɗaya. Na tambayi Baba yaushe angulu ta daina zuwa. Ya ci gaba da wasa wuƙarsa, ya ce, "Wa ka lura da angulu? Ta dai rage zuwa, daga nan ta bari."

Wannan amsar ta zauna mini a rai. Tsuntsun da ya cika gari ya ɓace ƙarƙaf, kuma ba wanda zai iya cewa ga shekarar da abin ya faru. Da na yi ta tambaya, wasu suka ce masu tsubbu ne ke sayen kanta da ƙwanta. Wasu suka ce ana barbaɗa maganin ƙwari a mushe, ta ci ta zube, a kwashe. Wasu suka ce manyan itatuwan da take sheƙa ne aka sare. Kowa da tasa, kuma ba wanda ya je ya duba.

Bayan na gama digiri na samu aikin koyarwa a wata sakandare a Bakura. Kullum da safe in hau mashin daga Mafara, in bi ta gefen gonakin shinkafa da magudanan ruwan dam, in koyar da yara yadda halittu ke dogaro da juna, in dawo. Ina koyar da abin da ke cikin littafi, misalan duka na wasu ƙasashe, alhali babban misali ya faru a ƙofar gidanmu ba wanda ya rubuta shi.

Wata rana a kasuwar Maradun na haɗu da wani abokina da muka yi sakandare tare. Bafulatani ne, danginsa sun daɗe da zama a bayan garin Tsibiri, suna noman gero da gyaɗa, suna da 'yan shanunsu. Bayan mun gaisa mun tambayi iyaye da iyali da dabbobi, hira ta kawo mu kan angulu. Ya yi dariya ya ce in dai ita nake nema, in zo rugarsu, akwai ta a kan wasu madatai a bakin rafi, kuma tun yana yaro a nan take sheƙa.

Asabar ɗin da ta biyo na je. Muka bar mashin a ruga, muka taka cikin karan dawa har bakin rafin. Manyan madatai ne, tsofaffi, irin waɗanda mutum biyu ba za su rungume ba. Can sama, a tsakanin rassa, na hango tarin ƙirare, da wani kai mai sanƙo yana leƙo mu. Rabona da ganin angulu a zaune tun ina ɗan makaranta.

Daga ranar, duk rani, ƙarshen mako a can nake yin sa. Na sayi madubin hangen nesa na hannu, wanda ido ɗaya ya yi hazo. Ina zama a gindin wata kanya ina kallo ina rubutawa. Da idona na ga ƙwai ɗaya take yi a shekara, mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci, kuma ɗan yana daɗewa ƙwarai kafin ya iya tashi. Na gane tsuntsun da ke haihuwa a hankali haka, idan aka kashe manyansa, ba ya farfaɗowa da wuri. Abokina ne ke kai ni, shi ke nuna mini inda mushe ya faɗi don mu ga masu saukowa. Mahaifiyarsa ba ta taɓa barina na tafi ban sha fura da nono ba. Akwai lokacin da wani baƙo ya zo yana neman yaron da zai hau masa itace ya ɗauko ƙwai, abokina ya raka shi har hanya ya ce kada ya sake ganinsa a wajen.

Shekaru kaɗan ina wannan, sai wani tsohon ɗan ajinmu ya turo sanarwa a zauren wayarmu. Wata jami'a ce a Turai ke neman ɗaliban digiri na biyu, da damar zarcewa na uku, a fannin zaman halittu da muhallinsu da yadda suke sauyawa a tsawon zamani. Za su ɗauki nauyin komai. A ƙasan sanarwar akwai wani layi da ya ce suna ƙarfafa guiwar masu nema daga yankunan da ba a cika yin bincike a cikinsu ba. Na karanta layin nan har na haddace shi. Na ɗauka da ni ake magana.

Na duba malaman sashen, na samu wata farfesa da ke aiki a kan tsuntsaye masu cin mushe. Na rubuta mata imel, na faɗi ko ni wane ne, na haɗa da hotunan sheƙa da na ɗauka da waya. Ban zaci za ta amsa ba, sai ga amsa kafin mako ya zagayo. Ta ce ba ta san wani da ke da bayanin angulu daga yankinmu ba, abin da nake yi yana da muhimmanci, lallai in nema. Ban taɓa jin wani ya ce aikina yana da muhimmanci ba, sai ranar.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Ɗan mahauci za shi Turai karatun angulu. To, Allah shi ba da sa'a." Washegari duk kwata ta ji. Ana tsokanata, amma na san shi ya baza labarin, kuma ba don wasa ya baza ba.

Daga nan wahala ta fara. Sai na kawo takardar da ke nuna makin kowane darasi da na yi a jami'a, kuma ofishin da ke bayar da ita kullum wanda zai sa hannu ya fita. Sai na rubuta jarrabawar da za ta tabbatar na iya Turanci, a wani birni mai nisan yini guda a mota, ni da aka koyar da Turanci tun firamare, kuma da shi nake koyar da 'ya'yan mutane. Sai na kawo shaidar tsohon malamina. Wannan malamin, wanda ya duba aikina na ƙarshe a jami'a, ya sa na yi ta zarya. In zo ya ce yana da taro, in dawo ya ce ya yi tafiya. Ran da na same shi, ya karanta abin da nake son bincikawa, ya cire tabarau ya dube ni.

"Yaro, wa ka taɓa gani ya zama wani abu da ungulu? Ka nemi abin da ake ba da kuɗin bincike a kansa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, su ne suka ce suna so."

Ya rubuta mini shaidar daga ƙarshe, layi kaɗan, kamar wanda ake ja wa hannu. Na karɓa na yi godiya har da rusunawa, don ba ni da zaɓi. Na tura komai cikin damina. Aka ce waɗanda aka zaɓa za a tuntuɓe su ta imel don ganawa ta bidiyo.

A wannan daminar ce al'amarin 'yan bindiga ya ƙazanta. An daɗe ana satar shanu ana tare hanya, amma yanzu har makaranta ake shiga a kwashi ɗalibai. Aka rufe makarantu, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka taƙaita hawan mashin. Wata safiya muka tashi babu sabis a waya. Na ɗauka tawa ce ta lalace, na fita waje na ga kowa riƙe da tasa yana ɗagawa sama. Sai a rediyo muka ji an yanke layukan jihar baki ɗaya, wai don a hana ɓarayin daji magana da masu ba su labari. Aka ce na ɗan lokaci ne.

Ban ce ba a yi don tsaro ba. Amma wanda ya yanke wannan hukunci bai tsaya ya yi tunanin mai haƙuri a asibiti da ke jiran ɗansa ya turo masa taimako ba, ko ɗan kasuwar da kayansa ke hanya, balle wani malamin makaranta da ke jiran saƙo daga Turai. Su da suka yanke, suna da hanyar da suke magana da duniya. Mu aka kulle a ɗaki ɗaya da ɓarayin, aka kashe fitila. Sana'ar Baba ta tsaya cik, tunda babu kasuwar dabbobi. Yana zaune a zaure da wuƙaƙensa a jaka, mutumin da ban taɓa gani a gida da hantsi ba.

Wanda ke son waya sai ya tafi Sakkwato. Na je sau ɗaya a farkon abin, na buɗe imel, babu komai, na dawo. Bayan haka mai ya yi wuya, motoci suka ragu, aka tare hanyar aka ɗauki mutane, cikinsu har da wani maƙwabcinmu. Mahaifiyata ta riƙe hannuna ta ce idan na sake hawa hanyar nan kafin ta lafa ba ta yafe ba. Na zauna. Kullum ina lissafi a raina, ina cewa irin waɗannan jami'o'in ba sa gaggawa.

Ran da ta bar ni na tafi, motar cike take da mutane, kowa da wayoyin 'yan unguwarsu a leda, da saƙonnin da aka ba shi ya isar. Muna kusantar gari sai wayoyi suka fara ƙara gaba ɗaya, ta aljihu da ta leda. Wata mata a bayana ta fashe da kuka, ashe ƙanwarta ta rasu a Legas an binne tun tuni ba ta sani ba. Ni ban buɗe tawa ba sai da na sauka a tasha na zauna a bencin mai shayi.

Saƙo uku na tarar daga jami'ar. Na farko yana taya ni murna, na shiga cikin waɗanda za a gana da su, in zaɓi lokacin da ya yi mini. Na biyu tunatarwa ce. Na uku ya ce tunda ba su ji daga gare ni ba, sun ɗauka ba ni da sha'awar gurbin kuma, suna yi mini fatan alheri. An turo shi kwanaki kaɗan kafin zuwana.

Ba ni da sha'awa. Shayin da na sa aka haɗa mini ya huce a gabana. Na rubuta wa farfesar, na bayyana mata cewa gwamnati ce ta yanke mana layi, ta duba labarai za ta gani. Ta amsa a ranar. Ta ce abin ya girgiza ta, za ta yi magana da kwamiti. Na kwana biyu a ɗakin wani ɗan garinmu ina jira. Amsar kwamiti ita ce an riga an rufe, kuma yi mini wata ganawa ta daban zai zama rashin adalci ga sauran masu nema. In sake gwadawa baɗi.

Kalmar adalci ce ta fi ƙona mini rai. Wanda intanet ke cikin ɗakin kwanansa, da ni da sai na bi hanyar da ake sace mutane kafin in karanta saƙo, an auna mu da mudu ɗaya an ce an yi daidai. Kuma su ne suka rubuta da hannunsu cewa suna neman mutanen irin yankinmu. Sun so mutumin irin wurin nan, amma ba su so matsalar wurin ta biyo shi.

Kafin shekara ta zagayo, abokina ya rasa komai. 'Yan bindiga suka zo suka kore shanunsu. Ba a jima ba 'yan sa-kai suka zo, su kuma suna cewa duk Bafulatanin da ke zaune a daji da bakinsa a ciki. Suka ƙone bukkoki. Ya kwaso mahaifiyarsa da matarsa da yara suka dawo gefen Mafara, cikin wani kango da ba a gama ginawa ba. Mutumin da ke da garke ya koma lodin buhunan albasa a tasha. Ni kuma hanyar madatai ta rufe mini, ko Tsibiri ban ƙara takawa ba.

Duk da haka na sake nema. Na sake bin ofisoshi, na sake rusuna wa malamina. Wannan karon an dawo da sabis, saƙo ya same ni, na zaɓi lokaci. Na ari ofishin wani mai shagon kwamfuta, na sa babbar riga, na zauna gaban allo. Mutum uku ne, har da farfesar, karo na farko da na ga fuskarta. Sun yi mini tambayoyi a kan yadda zan ƙiyasta yawan tsuntsayen, da yadda zan bambance illar guba da ta sare itatuwa. Na amsa, kuma na ga suna gyaɗa kai. Har dariya muka yi da na ba su labarin madubina mai ido ɗaya. Can wajen ƙarshe ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko wurin binciken yana shiguwa a halin yanzu. Na faɗi gaskiya, na ce yanzu da wuya, amma akwai wasu wurare kusa da gari da zan fara da su, kuma ina da mutanen da suka san dajin.

Bayan wasu makonni farfesar ta rubuto da kanta. Ta ce sashensu ya so ni, amma ofishin da ke kula da lafiyar ɗalibai da inshorarsu ya ƙi. Jiharmu tana cikin wuraren da suka hana ɗalibansu zuwa. Ba za su iya ɗaukar ɗalibin da bincikensa zai kai shi can ba, domin idan wani abu ya same shi alhakin yana wuyansu. Kuɗin tallafin kuma an ɗaure shi da aikin da aka nema da shi, lokacin sauya wuri ya wuce. Sun ba wani gurbin.

Na karanta na sake karantawa. Ana tsoron kada a tura ni wuri mai haɗari. Ni da a wurin aka haife ni, a wurin nake kwana, a wurin matata ke zuwa awo, a wurin nake hawa mashin kullum in je aiki. Don a kare lafiyata, an bar ni a inda nake.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye. Amma bayan 'yan watanni sai ga wani saƙon daga gare ta. Ɗalibin da suka ɗauka zai yi aiki a kan raguwar angulu a Afirka ta Yamma gaba ɗaya, daga kan kwamfuta, yana haɗa bayanan da mutane suka tattara. Babban giɓin da ke cikin taswirarsa shi ne yankinmu. Ko zan yarda in ba su abin da na tara a shekarun nan, in kuma ci gaba da tattara musu a matsayin mataimaki na fili? Za a biya ni, za a biya wanda zai riƙa yi mini jagora, kuma za a gode mini da suna a ƙarshen littafin digirinsa.

Wato dajin ya yi haɗari ga ɗalibi, amma bai yi haɗari ga ɗan aike ba. Bambancin kawai shi ne ɗan aike ba ya cikin inshorarsu. Idan aka ɗauke ni a bakin rafi, ba takardar da za ta nuna ni nasu ne. Shekarun da na yi a gindin kanya rana na dukana za su zama ɗigo a taswirar wani, shi ya zama dakta, ni a gode mini tare da direba.

Ban amsa a ranar ba, don na san abin da zan rubuta ba zai yi kyau ba. Da na huce kaɗan na rubuta mata gajeren saƙo. Na ce na gode da ta tuna da ni. Na ce idan wurin bai dace in shiga da sunan ɗalibinsu ba, bai dace in shiga da sunan ma'aikacinsu ba, kuma abin da na tara zan rubuta shi da kaina ko da zai ɗauke ni shekara goma. Ta amsa da cewa ta fahimta, kuma ba ta da abin da za ta kare tsarin da shi. Ban ɗauke ta muguwa ba, har yau. Ita kaɗai ce a duk tafiyar nan ta yi mini magana kamar mutum. Amma kirkinta bai buɗe mini ƙofa ko ɗaya ba.

Na ba abokina labarin a tasha, yana zaune a kan buhu yana hutawa, rigarsa duk ƙasa. Na zaci zai taya ni fushi. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko da gaske har da mai jagora za a biya. Na ce haka suka ce. Sai ya dube ni ya ce:

"Malam, kai ƙarshen wata kana da abin da ka ɗauka. Shi ya sa kake da halin yin zuciya. Ni da ka tambaye ni kafin ka amsa."

Na ce ai dajin da ya gudo daga cikinsa za su mayar da shi, kuma idan wani abu ya faru ba wanda zai zo ko gaisuwa.

Ya ce, "Ina shiga ai. Ina zuwa duba gonarmu a ɓoye, ba wanda ke biyana. Kuma itatuwan nan ni na nuna maka su."

Ya gaya mini masu gawayi sun kayar da ɗaya daga cikin madatan, amma zuwansa na ƙarshe ya hango tsuntsu a kan sauran. Sai aka kira lodi, ya tashi ya tafi.

Na yi ta juya maganarsa. Yana da gaskiya, aikin namu ne mu biyu, kuma yunwar gidansa ba irin tawa ba ce. Amma ban yarda cewa amsar da na bayar kuskure ce ba, kuma ko yau aka sake tambayata ita zan maimaita. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka kai mu nan. Wasu sun kore masa shanu, wasu sun ƙone masa gida, wasu sun yanke mini waya, wasu sun rufe mini ƙofa da kalmomi masu laushi, kuma a ƙarshe ni da shi aka bari muna jayayya a tasha a kan ladan ɗan aike. Duk cikinsu ba wanda ya san an yi.

Yanzu ina digiri na biyu a wata jami'a ta kusa, irin na ƙarshen mako, da aljihuna. Da na kai batun angulu aka ce babu malamin da zai duba shi, aka ba ni tsutsar cikin tumaki. Ina yi, ba laifi, aiki ne mai amfani. Abin da na tara a bayan Tsibiri kuma ina rubuta shi a hankali, idan na samu sarari tsakanin darasi da darasi. Na tura kashi na farko wata 'yar mujallar masana ta cikin gida, sun ce yana hannun masu dubawa, kuma an daɗe.

Abokina yana nan a tasha. Ya samu ɗaki ya fita daga kangon, babban ɗansa ma a makarantarmu yake. Idan mun haɗu muna gaisawa, ya tambayi Baba da Inna da iyali da aiki da gajiya, ni ma in tambayi nasa ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar tana yin tsawo ƙwarai, irin wadda ake yi da surukai. Idan ta ƙare sai mu ɗan tsaya, sannan kowa ya ce sai an jima.